Baka Mai Faifai: Yadda Ake Auna Shi da Saita Shi a Ƙasar da Gona Ke Jikin Gona

Baka ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Har yau akwai sarautar Sarkin Baka a garuruwa da yawa, shi ne shugaban maharba, kuma ba abin mamaki ba ne a shiga wani gida a karkarar Tsanyawa, Bichi ko Shanono a tarar da tsohon kwari rataye a bango. A watan Yunin 1804, a yaƙin Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da mafi yawansu a ƙasa suke da baka da kibiya, dawakinsu kaɗan, sun karya rundunar dawakin Sarkin Gobir Yunfa. Wancan baka sanda ce da tsarkiya. Kibiyarsa kyauro ne da kan ƙarfe mai kunne, babu gashi a gindinta. Maharbi yana dogara ne da iya sanɗa har ya kusanci abin harbi, sauran aikin kuma dafin kwankwani ya ƙarasa.

Bakan da matasa ke gani yanzu a YouTube da TikTok, kuma suke cin karo da shi a shagunan intanet irin su AliExpress, wani abu ne daban. Yana da faifai a sama da ƙasa, igiyoyi sun harɗe a tsakiya, ga notuna ga ma'aunin saiti. Masu sayarwa suna kiransa kwamfawun, a Hausance kuwa baka mai faifai ya fi bayyana shi. Kamfanonin Amurka irin su Hoyt, Mathews, Bear da PSE su ne manya a harkar, sai na ƙasar Sin irin su Sanlida, Junxing da Topoint da suka kawo masu rangwamen kuɗi.

A Amurka ko Turai wanda ya sayi irin wannan baka a shago ba ya fita sai an auna shi, an ɗaura masa komai, ya yi gwaji a gaban gwani. Wanda ya yi oda daga Tsanyawa kuwa kwali kawai zai karɓa, wataƙila a tasha a Kano, da 'yar takardar bayani cikin Turanci ko Sinanci. Idan bai san abin da zai fara da shi ba, ɗaya daga cikin uku ce za ta faru: kibiyoyi su yi ta watsewa har ya fid da rai, ko baka ya tarwatse a hannunsa kuɗi su tafi a banza, ko kibiya ta wuce gona ta faɗa kan abin da ba a nufa ba. Duk ukun ana iya kauce musu da awo da bin tsari.

Yadda na'urar take aiki

Wani Ba'amurke ɗan jihar Missouri mai suna Holless Wilbur Allen shi ne ya ƙirƙiro wannan baka. Ya nemi rajistar fasahar a 1966, aka ba shi a watan Disambar 1969. Dabararsa ita ce ya gajarta rassan baka ya ƙara musu tauri, sannan ya sa faifai a ƙarshen kowanne. Faifan ba zagayayye ba ne sosai, kuma ba a tsakiyarsa yake juyawa ba. Wannan karkatar ce sirrin abin.

A bakan gargajiya, duk yadda aka ƙara jan tsarkiya haka nauyi ke ƙaruwa, shi ya sa maharbi ba ya iya riƙewa ya daɗe yana saiti. A baka mai faifai nauyin yana hawa da wuri, ya kai ƙololuwa a tsakiyar ja, sannan faifan ya juya nauyin ya faɗi. Yawancin na zamani suna sauke kashi 65 zuwa 90 cikin ɗari. Misali, baka mai nauyin laba 60, wato kusan kilo 27, idan yana sauke kashi 80, abin da hannu zai riƙe a ƙarshen ja laba 12 ne kacal, kilo biyar da rabi ke nan. A ƙarshen jan kuma akwai wurin tsayawa da ake ji kamar bango, tsarkiya ba ta wuce nan.

Gudun kibiya yana da ban tsoro. Alƙaluman da kamfanoni ke bugawa, ƙafa 300 zuwa 340 a daƙiƙa, ana samunsu ne da baka mai laba 70, tsawon ja inci 30, da kibiya mai giren 350. Ƙafa 300 a daƙiƙa ta kai kusan kilomita 330 a awa. Mai ja ƙasa da haka ba zai samu wannan gudun ba, amma ko rabinsa ya isa ya yi mummunar ɓarna.

Awo uku kafin a biya kuɗi

Na farko shi ne ido. Kowane mutum yana da idon da ya fi rinjaye, kuma ba dole ne ya dace da hannun da yake cin abinci da shi ba. A miƙa hannu biyu a haɗa su a bar ɗan rami a tsakiya, a kalli wani abu mai nisa ta ramin da ido biyu a buɗe, sannan a rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin ya ci gaba da bayyana a cikinsa shi ne mai rinjaye. Mai idon dama bakan dama zai saya, ya riƙe da hagu ya ja da dama. Ba a juya baka mai faifai daga wannan hannu zuwa wancan, don haka kuskure a nan asarar kuɗin gaba ɗaya ce.

Na biyu tsawon ja. Mutum ya tsaya ya buɗe hannuwansa ba tare da miƙa su da ƙarfi ba, wani ya auna da tef ɗin tela daga ƙarshen yatsan tsakiya zuwa ɗaya ƙarshen, sai a raba inci ɗin da aka samu da 2.5. Wanda faɗin hannuwansa ya kai santimita 175, wato kusan inci 69, tsawon jansa inci 27 da rabi ne. Wannan mafari ne, daga baya ana iya ƙara ko rage rabin inci. Idan jan ya yi tsawo, mai harbi zai riƙa jingina baya, gwiwar hannun da ke riƙe da baka ta sanƙare, tsarkiya ta riƙa zabgar damtse. Idan ya yi gajarta, jiki zai takure, saiti ya yi ta rawa. A yawancin bakunan masu koyo ana canza tsawon ja ne ta hanyar kwance ƙananan notuna a jikin faifai a matsar da wani ɗan ƙarfe zuwa lambar da ake so, kuma dole lambar sama da ta ƙasa su zama iri ɗaya.

Na uku nauyi. Nan ne girman kai ke kayar da mutane. Manomin da ya saba da garma da ɗaukar buhu zai ga laba 70 ba komai ba ce, amma jan baka aikin naman baya da kafaɗa ne da ba a cika amfani da su a noma ba. Babban mutum mai koyo laba 30 zuwa 40 ta ishe shi. Gwajin mai sauƙi ne: ya zauna a kujera, ya nuna baka gaba, ya ja a hankali. Idan sai ya ɗaga baka sama ko ya yi ta murɗa jiki kafin ya ja, nauyin ya fi ƙarfinsa. Manyan notuna biyu da ke riƙe da rassa su ne ake juyawa da alanki don rage nauyi ko ƙara shi. Zagaye ɗaya yakan canza laba biyu zuwa huɗu, kuma abin da aka yi wa na sama shi za a yi wa na ƙasa. Kada a kwance su fiye da adadin da kamfani ya rubuta, domin reshe na iya kuɓucewa da ƙarfi. Wasu samfura an yi su da faɗin zaɓi, kamar Bear Cruzer G2 da ke tafiya daga laba 5 zuwa 70, da inci 12 zuwa 30, wanda ya sa yaro da babba duk za su iya amfani da shi. Sikelin rataye na dijital da ake auna jaka da shi yana iya nuna ainihin nauyin ja, muddin an maƙale shi da kyau kuma da kibiya a kan tsarkiya.

Kibiya: kyauro ba ya shiga nan

Wannan gargaɗi ya fi shafar mutanen da suka gaji baka. Kibiyar kyauro ko ta itace da ke aiki lafiya a bakan gargajiya ba za ta iya ɗaukar bugun baka mai faifai ba. Tana iya karyewa a daidai lokacin saki, rabinta ya shige hannun da ke riƙe da baka. Kibiyoyin da aka yi domin wannan na'ura na kabon ne ko alminiyam, da fukafukan roba a gindi.

Abu biyu ake dubawa, nauyi da tauri. Ƙa'idar da masana'antar ta amince da ita ita ce kada kibiya ta gaza giren biyar ga kowace laba ta baka. Giren ɗaya kusan giram 0.065 ne, don haka baka mai laba 60 yana buƙatar kibiya mai aƙalla giren 300, kusan giram 19 da rabi. Ƙaramin sikelin masu sayar da gwal yana yin wannan awo. Kibiyar da ta yi sauƙi da yawa ba ta kwashe ƙarfin bakan, sai ragowar ya koma cikin rassa da igiyoyi.

Tauri kuwa lamba ce da ake rubutawa a jikin kibiya, kamar 500, 400, 340 ko 300. Ana samunta ne ta hanyar ɗora kibiya a kan maki biyu masu tazarar inci 28, a rataya nauyin giram 880 a tsakiya, a auna yadda ta lanƙwasa. Ƙaramar lamba tana nufin kibiyar ta fi tauri. Baka mai nauyi da kibiya mai tsawo suna buƙatar mai tauri. Kamfanoni irin su Easton da Gold Tip suna da jadawali a shafukansu inda ake saka nauyin baka da tsawon kibiya a ga lambar da ta dace. Tsawon kibiya ya wuce mazauninta da aƙalla inci ɗaya idan an ja har ƙarshe. Kafin kowane harbi a ɗan lanƙwasa kibiyar kabon kusa da kunne. Idan ta yi ƙarar tsagewa, aikinta ya ƙare, a karya ta a jefar.

Babban haram a wannan harka shi ne sakin tsarkiya babu kibiya. Ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya sai ya dawo kan baka, igiya ta tsinke, faifai ya lanƙwashe, wani lokaci reshe ya fashe kusa da fuska. Yawanci ba mai bakan ne ke yi ba, aboki ne da ya ce bari ya gwada ƙarfinsa. A wurin da babu shagon gyara, wannan sakan ɗaya na iya zama ƙarshen bakan.

Wurin harbi kafin harbin farko

Tsanyawa tana kan hanyar Kano zuwa Katsina bayan an wuce Bichi, a cikin ƙasar noma da aka daɗe da cikawa. Gona tana jikin gona, gero da dawa da gyaɗa da wake har bakin gida, hanyoyin ƙafa sun ratsa ko'ina. Da damina dawa tana rufe gani, ba a sanin wanda ke noma a bayanta. Da rani fili yana buɗewa, amma lokacin ne awaki da shanu ke kiwon ragowar kara, yara na biye da su, mata na tsintar itace. Kibiyar baka mai faifai da ta tashi sama tana iya yin tafiyar da ta wuce mita 300. A irin wannan ƙasa da wuya a ja layi mai wannan tsawon ba a ratsa hanyar wani ba.

Don haka sai an samu abin da zai tare kibiyar da ta kuskure. Busasshen kududdufi mai gangare, inda aka haƙi ƙasar gini, yana daga cikin wurare mafi dacewa, domin mai harbi yana fuskantar bangon ƙasa mai tsayi. Katangar ƙasa mai kauri da babu kowa a bayanta ita ma ta yi, amma danga ko zana ba sa tare komai, kuma damin kara ba abin dogaro ba ne. Abin harbi kuwa buhu ne da aka danƙare da tsummoki ko ragowar yadin tela har ya yi tauri, yana tsayar da kibiya mai kan gwaji kuma ana zare ta cikin sauƙi. Ana jan baka ne yana kallon abin harbi, ba sama ba. Dokokin hukumar World Archery ma sun hana jan da zai iya sa kibiya ta tsallake filin gasa idan ta kuɓuce.

Akwai kuma batun jama'a. Ƙaramar hukumar tana iyaka da Jihar Katsina, kuma matsalar tsaro ta sa kowa yana sa ido a kan baƙon abu. Na'ura baƙa mai notuna a cikin doguwar jaka tana iya jawo tambaya a shingen bincike ko a cikin gari. Sanar da mai unguwa ko dagaci, ajiye rasit, da yin atisaye a wuri ɗaya da kowa ya sani suna kawar da zargi. Mai tunanin farauta kuma ya tuna cewa gandun daji irin na Falgore a kudancin Kano wuri ne da doka ta kare.

Haɗa baka mataki-mataki

Ana bin tsari ne domin kowane mataki yana tsaye a kan wanda ya gabace shi. Wanda ya fara da ma'aunin saiti kafin ya daidaita mazaunin kibiya zai sake aikin sau biyu.

Da farko a auna bakan yadda ya zo: tazara daga sandar da faifan sama ke juyawa a kai zuwa ta ƙasa, da tazara daga maƙogwaron mariƙi zuwa tsarkiya, wadda a yawancin samfura take tsakanin inci shida da bakwai. A kwatanta da abin da kamfani ya rubuta, a ajiye a littafi. A sa alamar fensir a jikin kowane faifai daidai inda ya haɗu da reshe. Duk ranar da alamar ta gusa, igiya ta miƙe.

Sai daidaituwar faya-fayan. A baka mai faifai biyu, dole su kai wurin tsayawarsu a lokaci guda. Mai harbi ya sa kibiya ya ja a hankali yana fuskantar buhu, wani ya tsaya a gefe ya ɗauki bidiyo da waya. Idan na sama ya riga na ƙasa, gindin kibiya zai riƙa hawa ko sauka lokacin saki, kuma babu gyaran mazauni da zai magance hakan. Gyaransa murɗa igiya ne, wanda ke buƙatar injin matse baka. Kada a gwada matse shi da ƙarfen makaniki ko igiyar ɗaure kaya. Wanda ba shi da injin ya fi kyau ya zaɓi bakan da aka haɗa komai daga kamfani, ko ya yi odar ƙaramin abin matsewa da kamfanin ya tabbatar ya dace da samfurinsa.

Na gaba mazaunin kibiya. Iri biyu suka fi yawa: mai buroshi da ke rungume kibiya ko'ina, da wanda ke faɗuwa ya ba ta hanya lokacin saki. Mai buroshi ya fi sauƙi ga mai koyo, babu igiyar da za a saita. A tsaye, tsakiyar kibiya ta ratsa daidai ramin da ake ɗaure mazaunin. A kwance, tsakiyar kibiya ta yi nisan kusan santimita biyu daga jikin gangar baka, adadin da kamfanoni da yawa ke bayarwa a matsayin mafari. Idan aka kalli bakan ta baya, tsarkiya ta raba kibiya biyu.

Sannan zoben igiya mai siffar harafin D da ake ɗaurewa a tsarkiya. Gindin kibiya yana shiga tsakaninsa, kunamar hannu kuma tana kama shi. Ana ɗaure shi ta yadda kibiya za ta yi kusurwa 90 da tsarkiya, ko gindinta ya ɗan ɗaga da milimita biyu zuwa uku. Ƙullin sama da na ƙasa suna fuskantar ɓangarori daban-daban, a ƙona bakin igiyar ya yi dunƙule, a ja shi da filaya sosai. Zoben da ya kwance a tsakiyar ja yana sa mutum ya naushi bakinsa da hannunsa. Gajerun bakuna na zamani don kunama aka yi su, jan su da yatsu yana murɗa tsarkiya har ta iya fita daga faifai.

Daga ƙarshe tagar leƙe, ɗan zoben da ke cikin tsarkiya. Mai harbi ya rufe ido, ya ja, ya kafa hannunsa a muƙamuƙi inda ya fi masa daɗi, tsarkiya ta taɓa kan hanci, sannan ya buɗe ido. Inda idon ya faɗa nan tagar za ta zauna. Taga ce ke zuwa wurin ido, ba a sunkuyar da kai don neman ta.

Gwajin takarda

Wannan gwaji ba ya cin kuɗi. A yi firam da katako ko a yanke tsakiyar babban kwali, a manna takarda ta miƙe sosai, a tsayar da ita daidai kafaɗa. Buhu ya kasance a bayanta da tazarar da ta fi tsawon kibiya, mai harbi kuma ya tsaya kusan mita biyu a gaba. Ramin da kibiya ta bari yana nuna yadda ta tashi. Idan ta fita a miƙe, za a ga ƙaramin rami da tsagi uku na fukafukai kewaye da shi.

Idan tsagin fukafukai ya fito sama da ramin kai, gindi ya yi sama: a ɗaga mazauni ko a sauke zobe. Idan ya fito ƙasa, a yi akasin haka. Idan ya fito ta hagu, a matsar da mazauni dama, idan ta dama a matsar da shi hagu. Ana fara gyara sama da ƙasa kafin hagu da dama, kuma kowane motsi kada ya kai milimita ɗaya. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a yi harbi uku, sannan a yanke hukunci.

Idan an yi ta matsar da mazauni amma yagar ba ta canza ba, matsalar tana wani wuri. Mafi yawa hannun mai harbi ne. Wanda ya damƙe mariƙi kamar ƙotar fartanya yana murɗa bakan. Mariƙi yana zama ne a kan tudun da ke gindin babban yatsa, sauran yatsu a sake. Abu na biyu shi ne fukafukai na gogar wani abu. A shafa jan baki a gefensu a yi harbi, inda jan ya bayyana nan suke taɓawa. Na uku taurin kibiya da bai dace ba. Wayoyin da ke ɗaukar bidiyon tafiyar hawainiya, hoto 240 a daƙiƙa, suna taimakawa wajen ganin motsin hannu da ido ba ya kamawa.

Ja da baya, sannan saiti

Ana fara saita allurar farko daga mita biyar zuwa goma don kada kibiya ta kuskure buhu, sannan a koma mita 20. Ƙa'idar guda ce: ma'aunin saiti yana bin kibiya. Idan kibiyoyi sun taru a hagu, a matsar da shi hagu, idan sun yi sama a ɗaga shi. Kibiya uku ake dubawa, ba ɗaya ba. Ɗan ruwan awo da ke jikin ma'aunin ya tsaya a tsakiya a kowane harbi, domin baka da ya karkata yana kai kibiya gefe, kuma kuskuren yana girma da nisa.

Bayan haka sai gwajin ja da baya. A jera buhuna su yi tsayi, a sa alama a sama, a rataya zare mai ɗan dutse daga alamar. Da allurar mita 20 kaɗai, a harbi alamar daga mita 20, sannan 30, sannan 40. Kibiyoyin za su riƙa sauka ƙasa, abin da ake dubawa shi ne ko sun bi zaren. Idan suna karkata hagu yayin da nisa ke ƙaruwa, a matsar da mazauni dama kaɗan, idan dama a matsar hagu. Da sassafe ko da yamma lis ake wannan gwaji, lokacin da iska ta kwanta. A tsakiyar hunturu da iskar gabas ke kaɗawa, sakamakon ba abin dogaro ba ne. Sai an gama wannan ake saita allurar mita 30 da ta 40. Rubuta lamba a kan kowace kibiya yana tona wadda kullum take fita daga cikin 'yan'uwanta.

Zafi da ƙura

Igiyoyin zamani ana yinsu da zaruruwan roba masu ƙarfi irin su Dyneema da Vectran. Sabuwar igiya takan ɗan miƙe a harbi ɗari ko biyu na farko, don haka sai an sake duba awo bayan nan. Zafi yana ƙara wannan miƙewar. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Kano yakan kai digiri 40, cikin but ɗin mota ko ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka nesa. A ajiye baka a jakarsa a ɗaki mai sanyi, ba a jingine a rana ba.

Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin zaruruwa ta riƙa cinsu. Idan igiya ta fara fitar da gashi, a goge ta a shafa kaki a murza da yatsa har ya narke, kakin zuma ma yana yi idan babu na kamfani. Ba a shafa shi a wuraren da aka naɗe da zare, kuma ba a zuba man inji a faifai, domin mai da ƙura idan sun haɗu sai su zama abin goge ƙarfe. Busasshen buroshi ya isa. Notuna suna kwancewa da girgiza, a bi su da alanki lokaci-lokaci. Mai hikima yana haɗa odar bakansa da igiya ta biyu da ƙarin gindin kibiya, don kada ƙaramin abu ya zaunar da shi wata biyu yana jiran kaya.

Inda wasan ya dosa

A gasar duniya ana harba baka mai faifai daga mita 50 a kan allo mai faɗin santimita 80, zoben maki goma kuma santimita takwas ne, bai kai faɗin tafin hannu ba. Ba a yarda nauyin baka ya wuce laba 60 ba. Zagayen share fage kibiya 72 ne, maki 720, kuma manyan 'yan wasa suna wuce 700. A 2023 'yar Indiya Aditi Swami ta zama zakarar duniya a Balin tana da shekara 17. A gasar nakasassu ta Faris a 2024, Ba'amurke Matt Stutzman, wanda aka haifa ba hannuwa, ya ci zinare yana riƙe baka da ƙafa. A watan Afrilun 2025 kuma kwamitin Olamfik na duniya ya amince a saka baka mai faifai a wasannin Los Anjelas na 2028, a rukunin mace da namiji, karo na farko a tarihi.

Abin da ya raba waɗannan 'yan wasa da mai koyo a bakin kududdufi ba ƙarfin damtse ba ne, tunda laba 60 ce iyakar kowa. Bakansu an auna shi daidai jikinsu, kibiyoyinsu nauyi ɗaya ne, kuma kowane awo yana rubuce. Tef ɗin tela, alanki, takarda, buhun tsummoki da wayar hannu sun isa a yi mafi yawan wannan aiki a Tsanyawa. Saura haƙuri, da tabbatar da cewa babu kowa a bayan buhun kafin a saki kibiya.